Matata Ta Hana Rokata Tashi a Gaban Jama'a

Gwaggo Beryl,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin taron ƙungiyarmu na ƙarshen wata, domin tura ta kai bango. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Hasali ma filin nan naki na ɗauke shi na masu rigima da maƙwabta a kan shinge ne, matata ce ta tsiro da karanta shi da ƙarfi lokacin karin kumallo, ina cin burodina ina jin haushi. To ga shi yau abin ya biyo ta kaina.

Ni tsohon likitan haƙori ne, na yi ritaya. Abin da na sa a gaba shi ne harhaɗa rokoki da harba su. Ba irin na yara ba, ba kuma manyan nan da sai ka ci jarrabawa kafin a sayar maka da injinsu ba. Matsakaita nake yi, waɗanda tsayinsu ya kawo min ƙirji, kuma kowacce kwafin wata roka ce ta gaske. Muna da ƙungiya, muna taruwa Lahadin farko ta wata a makiyayar wani manomi, Garside, idan ruwan sama ya ga dama ya bar mu.

Hunturu biyu na kwashe a kan wadda nake magana. A kwali ta zo kamar ta kowa: bututu, fikafikan katako, hanci na roba, da laimar da za ta sauko da ita. Duk mai hannu biyu zai iya liƙa su ya fesa fenti a mako guda, kamar yadda wani ɗan ƙungiyarmu Clive yake yi, gam na dalala a jikin rokokinsa kamar majinar yaro. Ni ba haka nake aiki ba. Na samo tsofaffin hotunan ta gaskiyar, na bi su ƙusa bayan ƙusa da kayan aikina na haƙori da gilashin ƙara girma. A gindinta na jera bututun tagulla yadda suke a hoto. A cikin hancin kuma na gina 'yan na'urorin awo da wayoyinsu sirara kamar gashi, na fente su, na rufe da gam. Babu mai ganinsu, na sani. Amma ni na san suna nan.

Sai matata. Sunanta Noreen, ban ga dalilin ɓoyewa ba tunda ita ba ta rufa min asiri ba. Shekararmu talatin da shida da aure. Kafin ta ajiye aiki ita ce mai jarraba masu neman lasisin tuƙi, kuma har faston cocinmu ta kayar sau biyu, saboda haka kin san irin matar da nake nufi. Da farko rako ni take yi filin da butar shayi. Bara rokar wani ta faɗo ta huda rufin rumfar da tumakin Garside ke haihuwa, mutumin ya zo yana huci ya ce sau ɗaya ya rage mana. Aka ce lallai a naɗa alƙalin fili mai duba kowace roka kafin ta tashi. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni da bakina na ce a ba Noreen. Na ɗauka idan naka ne a bakin ƙofa, shiga ba za ta yi wuya ba.

Lahadin da ta wuce na ɗora rokata a teburinta, mutane suka kewaye suna yabawa. Ta ɗora ta a kan yatsa tana neman inda nauyi ya daidaita, na ga ta taɓe baki. Sai ta ɗaure ta da igiya ta fita tsakiyar fili ta fara wulwula ta a saman kai, gwajin da ake yi wa rokar 'yan koyo. Idan roka lafiyayya ce hanci ne zai yi gaba. Tawa ta yi zagaye ɗaya, ta juya, ta ci gaba da tafiya da gindi, daga nan ta shiga wuntsilawa kamar kazar da aka yanka. Noreen ta ajiye ta ta ce, "Mai rokar nan, yau ba za ta tashi ba. Gindinta ya fi kanta nauyi. A zuba dalma a hanci a dawo." Mai rokar nan! Matar da ke ce min tsoho a gida tana tsince min gashin kunne. Clive kuwa har da riƙe ciki: "Likita, ashe gida take son komawa! Kai ta falo ka sa mata fure, can ne wurinta." Wani daga baya ya ce ai mai ita ta gado. Haka na rungumo ta na ratsa mutane zuwa mota, kunnuwana kamar su kama da wuta.

Na yi mata bayani a hanya cewa ta gaskiyar ma ƙananan fikafikai gare ta. Ba ta ko ɗauke ido daga titi ba ta ce ta gaskiyar tana da na'urar da ke saita mata hanya, tawa kuwa gam ne da taurin kai. Gaskiya ne ta taɓa ɗaga ta a kicin ta ce gindin ya yi nauyi, wataƙila ma sau biyu ko uku. Amma wannan maganar kicin ce, wa ke ɗaukar maganar kicin? Kuma zuba dalma a hanci yana nufin in fasa shi in fitar da duk na'urorin da na gina. Ta fi kowa sanin haka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ta san matsayin abin nan a wurina. 'Yan shekarun nan idona ya yi hazo, shi ya sa ita ke tuƙi. Da roka ta wuce tsayin bishiya ta ɓace min ke nan, sai hayaƙi. Noreen ce ke barin teburinta ta zo ta kama min gwiwar hannu ta ɗaga, tana faɗa min a kunne: ga ta can, ta juyo, laima ta buɗe, tana sauka bayan shinge. Ita ke kutsawa gonar sha'ir ta nemo min. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, 'yan ƙungiya sun ɗauka soyayyar tsufa ce. To wadda ta san wannan duka, ba za ta iya kawar da kai sau ɗaya ba?

Tun ranar na tare a ɗakin katakon da nake aiki a bayan gida. Waken gwangwani nake ci, ba na yi mata magana. Kullum da safe tana ajiye min shayi a bakin ƙofa, shekaranjiya kuma na tarar da ƙullin dalmar masunta a gefen kofin. Kin ji cin fuska. Na yanke shawarar a taro zan miƙe in nemi a sauke ta, Clive ya ce zai mara min baya, shi ma ta hana rokokinsa biyu tashi. Ko kuwa in nemi wani fili in harba abata ba da sanin kowa ba? Ki gaya min gaskiya, ba hakkin mace ba ne ta rufa wa mijinta asiri a bainar jama'a?

Naki,
Wanda Aka Ci wa Fuska, daga Yorkshire

*

Malam Wanda Aka Ci wa Fuska,

Sannu da ɓoye suna. Tsohon likitan haƙori, mijin Noreen mai kayar da fasto, mai harba roka a makiyayar Garside. Na tabbata babu wanda zai gane ka a duk faɗin Yorkshire.

Bari in fara ba ka naka. Aikin hunturu biyu ba wasa ba ne, kuma a wulwula shi a gaban mutane ya tafi da gindi abu ne mai ciwo. A kira ka mai rokar nan ma akwai zafi. Noreen, da kin ja shi gefe kin yi gwajin a bayan motoci, da ba ki rage komai daga aikinki ba. Iyakar abin da ke cikin ma'auninka ke nan, Malam, kuma ka ga bai fi na hancin rokarka nauyi ba.

Ka tambaye ni ko ba hakkinta ba ne ta rufa maka asiri. Ta rufa, sau biyu ko uku, a kicin. Kai ka ƙi rufuwa, ka ɗauki asirin naka ka kai shi fili ka ɗora a tebur. Kuma ka faɗa da bakinka dalilin da ya sa ka tsayar da ita: ka so a sami alƙalin da zai tsare kowa ya bar ka. Matar da ba ta ji tsoron fasto ba, ka zaci za ta ji tsoron wanda take tsince wa gashin kunne?

Ni ban san roka ba, amma na san cewa abin da ya wuntsila a kan igiya ba zai shiryu don an cinna masa wuta a gindi ba. Ka ɗauka ta kawar da kan. An ƙirga, an danna maɓallin harbawa, abar ta tashi ta yi kwance ta nufi inda ta ga dama, a filin da mutane ke tsaye da kofin shayi, ga rumfar tumaki a gefe, ga manomin da ya ce sau ɗaya ya rage. Da yanzu ba wasiƙar cin fuska kake rubuto min ba. Dariyar Clive ta yini ɗaya ce. A ce kai ne ka jawo aka kori ƙungiya daga fili saboda matarka ta yi maka alfarma, wannan har a jana'izarka sai an tuna.

Shi kuwa Clive, ka lura da abokin tafiyarka. Mutumin da ya ce ka sa wa rokarka fure shi ne zai mara maka baya. Ba ƙaunarka yake yi ba, ƙofa yake so a cire don rokokinsa masu majina su wuce. Maganar harbawa a ɓoye kuma ka bar ta tun a nan. Wa zai tuƙa ka zuwa can? Ko Noreen za ka roƙa ta kai ka inda za ka ɓuya mata?

Ga abin yi. Ka buɗe hancin a hankali, ai ka cire abin da ya fi wannan wuya daga bakin mutane. Ka fito da na'urorin ka jera su a kan kantar falo, karon farko ke nan da wani zai gan su ya yaba. Ka zuba dalmar da gam, ka ɗaura igiya ka wulwula a bayan gida har sai hanci ya yi gaba. Idan kuma zuciyarka ba za ta iya fasa shi ba, to ka yarda adon falo ka gina, ba laifi ba ne, amma kada ka sake kai shi fili. A taro ka zauna ka yi shiru. Ƙullin dalmar nan da ka kira cin fuska, mace ce ta shiga shagon masunta ta tsaya tana auna maka abin da zai sa rokarka ta tashi, alhali kana zaune kana cin wake kana shirya yadda za a sauke ta.

Abin da ya ba ni haushi da kai, kuma ya ba ni tausayi, shi ne wannan. Kai ne mai cewa abin da ba a gani ma yana da daraja, tunda ka san yana nan. Wasiƙarka ta iso min da haruffa manya-manya kamar allon talla. Ka ce Noreen ta tsiro da karanta filin nan da ƙarfi. Ka zauna ka tuna yaushe ta tsiro da shi, kafin idon ya yi hazo ko bayan nan. Ba na jin don daɗin rubutuna take yi.

Kana iya yin nasara a taron. Sai ta zauna a gida ran Lahadi. Clive ya ƙirga maka, ka danna, ka ji ƙara, kowa ya ɗaga kai yana tafi. Kai kuma kana tsaye da hannu a ƙasa kana kallon hayaƙi, kana jira wani ya gaya maka ko laima ta buɗe.

Ka koma cikin gida, wake ya isa haka. Allah ya sa ta tashi da hanci a gaba, ta sauko da laima a buɗe, ku nemo ta tare. Noreen, na san ke za ki fara ganin wannan. Ki kai masa da shayin ki karanta masa, rubutun jaridar nan ƙanana ne.

Gwaggo Beryl