Ɗan Famfon da Kendra Ta Ɗaura Wa Motata

Asabar, 14 ga Satumba

Kendra ta zo daga birnin Omaha yi wa motata juyen baƙin mai, kamar yadda ta saba tun rasuwar babanta. Shi ya koya mata. Ban taɓa son ganin 'yata kwance a ƙarƙashin mota ba, amma ranar juye kaɗai nake ganinta, don haka wannan ɗaya na haɗiye.

Yau da wani abu ta zo a leda. Ɗan ƙarfe na tagulla, bai fi babban yatsa ba, da 'yar mariƙa a gefe. Ta cire notin da ake kwancewa a zubar da mai, wanda marigayi mijina Vernon ya yi shekaru yana ɗaurewa da hannunsa, ta ɗaura wannan a gurbinsa. Wai famfo ne. Ba sifana, ba ƙona hannu. A sa tiyo, a murɗa, mai ya zuba cikin galan.

"Nan gaba kafin kofi ya dahu na gama, Mama."

Na ce mata ragwanci ba ya shigowa ta ƙofa, ta irin waɗannan ƙananan ramukan yake shigowa. Ta yi dariya daga ƙarƙashin motar, ta ce, "Amin, Fasto Loretta." Daga nan na gangara kan zamanta da Curtis ba aure. Gaskiya ce, kuma in ban faɗa ba wa zai faɗa? Ba ta tsaya cin abinci ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

A coci hankalina ya tafi yawo. Ana wa'azi, ni ina kallon hasken taga yana tafiya a kan benci, sai na ga ƙafafun Vernon sun leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motarmu, rediyo yana magana shi kaɗai. Aikin nan safiya guda yake ci. Noti ya ƙi kwancewa, mai ya zube, a nemo tsumma, a tsaya wanke hannu, a duba a ga rana ta yi tsaka, dole a zauna a ci abinci. Haka yake da Vernon, haka yake da Kendra.

Yanzu kafin kofi ya dahu.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar. Ko ɗigo babu. Na so in ga ɗigo. Allah ya yafe mini.

Talata, 22 ga Oktoba

An gama girbin masara, gonaki sun yi fayau har ƙarshen gani. Opal, ƙawata ta coci, ta kawo mini kabewa. Na nuna mata famfon, na yi mata bayanin inda duniya ta dosa: abinci na gaggawa, aure na gaggawa, yanzu har juyen mai. Ta saurara tana gyara tabarau.

"Ke Loretta, da ni ce 'yarki, ta waya zan riƙa yi miki juyen."

Opal ba ta da tauna magana. Ban raka ta ƙofa ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar Godiya, bikin da iyali ke haɗuwa a ci tare. Su Kendra suna wajen dangin Curtis. Talotalo ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Litinin, 2 ga Disamba

Na yi gyangyaɗi a kujera bayan abincin rana. Na gan ni a gareji na murɗa famfon, amma ba mai ne ya fito ba. Agwagin daji ne, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, suna fita ta tiyo suna tashi sama su nufi gabas, wajen Omaha. Ina ta neman rufewa, hannuna ya ƙi. Ban ji tsoro ba, abin ma da kyau. Da na farka dusar ƙanƙara ta fara sauka, shiru kamar ana tankaɗe gari.

Mafarki banza ne. Cuku na ci.

Alhamis, 12 ga Disamba

Kendra ta kira. Jibi za ta zo, amma ba za ta daɗe ba. Ta ce in taimaka in kunna motar kafin ta iso, in je gidan waya in dawo, inji ya ɗauki zafi. Wai ramin famfon ya fi na noti ƙanƙanta, in man ya yi sanyi kauri yake yi kamar zuma, sai ya yi ta rarrafe.

"Kin ji ko, Mama? Da zafinsa yake gudu."

Na ce na ji. Ashe abin gaggawar ma yana da sharaɗi.

Asabar, 14 ga Disamba

Tun safe na ɗora miyar kaza da taliya. Makullin motar yana rataye inda yake. Na wuce shi na dawo, na sake wucewa. Hanya ba ta da santsi, an share ta tun jiya, ba zan rubuta ƙarya ba.

Da ta iso ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, ta dube ni.

"Ba ki kunna ta ba."

"Ban kunna ba."

Makullin yana hannunta a lokacin. Abin da ya rage ta murɗa shi ta bar inji ya yi ɗumi, ba wani dogon aiki ba ne. Ta juya shi a yatsunta, ta juya, sannan ta jefa shi aljihu.

"Zai sauka dai," in ji ta. "A hankali."

Ta shimfiɗa kwali, ta shiga, ta sa tiyo, ta buɗe. Ta fito da hannu tas, wannan kam na gani. Muka jawo kujerun lambu muka zauna a bakin gareji, bargo ɗaya a gwiwoyinmu, kwanon miya yana hayaƙi. Man yana sauka siriri kamar zare, baƙi, yana naɗe kansa a gindin galan. Ka kalle shi ka manta da abin da kake tunani.

Maganganu suna cikina, na coci da na Curtis, a jere. Na buɗe baki, sai na ji na tambaye ta ko gidansu yana da ɗumi. Ta ce tagar kicin tana shigo da iska, Curtis ya toshe da tsohuwar safa. Ta ba ni labarin wata mage da ta maƙale musu, da wata mata a wurin aikinsu mai waƙa ba ta sani ba. Ban san tana da labarai haka ba. Ta ƙara miya.

Maganar auren tana nan, ba ruɓewa take yi ba. Kuma ina kan bakana, famfon nan kayan ragwaye ne.

Zaren ya tsinke ya koma ɗigo, ɗigon ma ya tsaya, tun rana tana kan rufin rumbu. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Na saci kallonta, ashe ita ma ta gani. Ta gyara mini bargon, ta ci gaba da labarin magen.