Akwatin da ke ƙarƙashin rumbu

Bur Sudan, 9 ga Rajab

Ɗiyata Sakina,

Bayan sallama, ya kuke da innarki da yayanki Uzairu? Ni lafiya lau, tumbina ne kawai ya gudu.

Ubanki da karatunsa ya tsaya aji huɗu, yanzu a ofishin tsofaffin littattafai yake aiki. Ina danna maɓalli, kwamfuta ta buga jerin littattafai da inda kowanne yake. Jiya ina harhaɗa baƙaƙe sai ga sunana: "Littattafan Sakkwato goma sha ɗaya, gidan Abdussalami, garin Suki, akwatin ƙarfe binne ƙarƙashin rumbu." Ni na faɗa wa masu rajistar littattafai shekarun baya, ina fankama, har shayi na ba su. An riga an raba kwafi arba'in.

Sakina, masu bindigar yaƙin nan in suka ji akwati a binne, zinariya za su zata.

Ku tono shi yau, ku kai masallaci. In sun riga ku, nuna musu wurin da kanki, kada Uzairu ya yi gardama. Kakana da ya ɗauko littattafan a ka tun daga Sakkwato, na san yadda zan ba shi haƙuri a lahira. In ku aka taɓa, ban san wa zan ba ba.

Ubanki,
Abdussalami