Riguna Masu Ruwan Goro Don Leonor Da Tadeo

Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.

Ni ce Griselda Ontiveros, matar Efraín Tarango, mazauniyar birnin Chihuahua. Da hannuna nake wannan rubutu, ido biyu, babu maganin barci a jikina, babu kuma wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan sa. Babanku yakan ce littattafan soyayya sun daɗe da tafiya da rabin hankalina. To da rabin da ya saura nake rubutawa, kuma lafiyarsa ƙalau.

Leonor, shekarunki huɗu. Tadeo, kai ko uku ba ka cika ba. Ba za ku iya karanta wannan yanzu ba, don haka babanku ne zai fara karantawa a gaban kakanninku, sannan ya adana muku. Ranar Litinin za a buɗe ƙirjina a gyara wani ɗan murfi a zuciyata wanda zazzaɓin ƙuruciya ya lalata. Likita ya ce yawancin mutane suna tashi. Da zai ce "yawanci", takardar gabansa ya kalla.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. A littattafan da nake karantawa, uwar da ta mutu ba ta wuce shafukan farko. Daga nan sai ta koma hoto a bango, dangi su raba yaran kamar kayan ɗaki, kowane ya tashi a gida dabam, sai sun girma su haɗu a tashar mota ba su san juna ba. Da ina karanta wannan ina kuka mai daɗi. Yanzu idan na tuna, ku nake gani a ciki. Abin da ya sa na zauna na yi wannan wasiyya ke nan, don kada a raba ku.

Na ɗaya. Littattafaina duka naki ne, Leonor, har da waɗanda bangonsu ya yage. A bar su cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado sai kin iya karatu da kyau, wasu ma sai kin kai 'yan mata. Waɗanda ke kan taga na maƙwabciyarmu Ofelia ne, a mayar mata. Ɗaya ban gama ba. A ce mata ta faɗa miki ƙarshensa idan kin girma, amma kada ta ƙara gishiri yadda ta saba.

Na biyu. Tadeo, majanyin da na goya ka da shi naka ne. Kada a wanke shi da wuri. Sarƙar giciyen da ke wuyana ma taka ce, za a cire mini ita kafin a shiga da ni, babanka ya riƙe maka.

Na uku. Akwai tabo a goshinka, Tadeo, sama da girar hagu. Za ka ji labarinsa daga bakin mutane biyu, kuma ba za su faɗe shi iri ɗaya ba. Ga shi daga bakina, ni da nake wurin.

A gidan Tarango, yaro yana samun rigar ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a kafin ya sami rigar baftisma. Kakanku Nicanor, mahaifin babanku, ya buga wa ƙungiyar yana saurayi, babanku kuma ya yi karatu a can, ko da yake tsayinsa bai kai a ɗauke shi ba. Duk Asabar ɗin da ake wasa a gida muna zauren wasan. Koriyar riga, koriyar hula, a shafa koren fenti a kumatu biyu. Haka kowane gida yake yi wa yaransa, kuma wurin mace ɗaya ake sayen rigunan a bakin ƙofa. Ni ma ina son wurin. A can na fara ganin babanku, yana tsaye a kan benci yana zagin alƙalin wasa da murya mai daɗi, na ce a raina ga jarumin littafina ya fito.

Ranar da ka ji ciwon, wasan ƙarshe ne da masu ruwan goro, 'yan makarantar fasaha, waɗanda Kaka Nicanor ba ya ko kiran sunansu a teburin abinci. Ana dab da tashi, Leonor, kika ce fitsari. Na ja ki muka tafi, na sa hannun Tadeo cikin na babanku, na ce masa ya riƙe. Ya ce, "Je ki, gimbiya, ɗana ne fa, ba aro na yi ba." Layin banɗakin mata ya yi tsawo. Muna ciki na ji ginin ya girgiza da ihu, na san mun ci.

Da muka fito mutane sun ɓarke suna gangarowa daga bencinan 'yan kallo kamar ruwan kwari. Na hango babanku kusa da ƙofa yana tsalle, da yaro a wuyansa, koriyar riga, koriyar hula, yana ja masa gashi yana dariya. Na kutsa na isa gabansa, na ɗaga kai. Ba kai ba ne, Tadeo.

Abin da ya faru shi ne, da aka jefa ƙwallon ƙarshe ya saki hannunka don ya tafa. Ya sake miƙa hannu ƙasa idonsa na kan fili, ya kama ɗan hannun da ya samu, ya ɗaga yaron ya ɗora a wuya. Mutum kuwa ba ya ganin fuskar wanda ke wuyansa. Kafin na iya buɗe baki uwar yaron ta iso tana jibgar babanku da jaka tana kiransa ɓarawo.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna nema ba. Abin da nake tunawa shi ne duk yaron da na hango kai ne. In ruga, in kama kafaɗarsa, in juyo da shi, in ga baƙuwar fuska da koren fenti. In saki, in hango wani. Ko'ina kore. Ina kiran sunanka ganguna suna cinye muryata. Ƙafafun manya ne kawai a ƙasa, suna tattaka kofuna da huluna, kuma duk hular da na gani a ƙasa sai na ɗaga ta in duba. A ranar na fara jin wannan abin a ƙirjina, kamar tsuntsu ya shiga ɗaki ya rasa ƙofa.

A ƙarƙashin bencinan aka same ka. Ka zurara ta tsakanin katakai ka faɗa, ƙarfe ya tsaga maka goshi, takalminka ɗaya ya ɓata. Ba ka ko yi kuka ba, kana zaune cikin duhu da totuwar masarar wani a hannunka.

Na huɗu. Ba na bin kowa bashi, babu mai bi na, sai mutum ɗaya. Ɗaliba ce mai busa ƙaho a cikin makaɗan jami'a, doguwa, da gilashi. Ita ta rarrafa ƙarƙashin bencinan ta fito da kai, ta danne ciwon da hannun rigarta. Na fizge ka daga hannunta ban ko tambayi sunanta ba. Efraín, ka neme ta. Ka ba ta 'yan kunnena na azurfa, ka ce daga uwar yaron ne.

Na biyar. Wannan na mahaifiyata ne, Kaka Eduviges. Mama, tun ranar da aka ɗinke goshin Tadeo ba ki sake yi wa mijina magana ba sai ta bakina. A asibiti, a gaban ma'aikatan jinya, kika ce, "Mutumin da ba ya bambanta ɗansa da ɗan mutane, ko akuya ba zan ba shi kiwo ba." Shi kuma yana hawaye ya ce, "Mama, na rantse da Allah nauyinsu ɗaya ne." Kika ce, "To ka auri sikeli."

Na ji ki makon jiya a kicin kina waya da ƙanwarki. Kin ɗauka barci nake. Kin ce idan abin bai yi kyau ba, za ki koma garinki Parral da Tadeo, a bar wa uban Leonor tunda ita ta san sunanta da na unguwarsu, ba za ta ɓata ba. Mama, na san ƙauna ce. Na san ke kaɗai kika rene ni, kuma duk abin da kika saki a rayuwa bai dawo ba. Amma ban yarda ba. Ina faɗa da hankalina, a rubuce, ban yarda ba. Leonor ba ta barci sai ta ji numfashin ƙanenta. Tadeo ba ya cin ƙwai sai ita ta fara ɗanɗanawa. Za su rasa uwa, kada a ƙara musu da rashin juna. Gidan ubansu za su zauna, su biyun. Ɗakin ɗinkina kuma naki ne, ki kwaso kayanki ki zo.

Na shida. Maganar zuwa kallon wasa. Na daɗe ina juya ta. Da farko niyyata in rubuta cewa kada ƙafarku ta sake taka wannan zauren sai kun fi babanku tsawo. Har yanzu idan na rufe ido bencinan nake gani, da ramukan da ke tsakaninsu, da matakala mai santsi, da ƙofa ɗaya da kowa ke son fita ta cikinta lokaci guda. Ina ganin ku biyu a tsakiyar wannan, babu ni.

Amma ina ganin babanku ma. Tun ranar bai koma ba. Duk Asabar sai ya ce zai duba mota, ya zauna a cikinta a ƙofar gida ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Da kika tambaye shi, Leonor, yaushe za a je wurin ganguna, ya ce an daina wasan. Kaka Nicanor ma ya daina zuwa cin abincin Lahadi don kunya. Idan muka fita kasuwa, babanku ba ya yarda ya riƙe Tadeo, sai ya ce in riƙe, shi ya ɗauki kaya. Wannan ya fi bencinan ba ni tsoro. Uban da yake tsoron hannun kansa, wa zai tsallakar da ku titi? Idan na hana, na sa hannu ke nan a kan hukuncin Mama, kuma zai yarda da shi, ya miƙa ku ga duk wanda ya ce ya fi shi iyawa.

Don haka ku je. Efraín, ka kai su. Amma da sharaɗi, kuma ba na so a sassauta shi bayan raina.

Ba za su sa kore ba. A saman kabad akwai leda, ciki riguna ne masu ruwan goro. Na saye su manya da ƙanana, na bana da na baɗi da na shekarun da ke gaba, har zuwa lokacin da Tadeo zai iya faɗin sunansa da na ubansa da ƙarfi. Na tsaya a zauren nan na nemi yaro ɗaya cikin ɗaruruwa, na san launin da ido ke kamawa a ɓangarenmu. Guda ɗaya ne, na abokan gaba. Babu fenti a fuska, babu hula.

Na san abin da wannan yake nufi a gidan Tarango. Da na je gidan Kaka Nicanor na gwada faɗa masa, ya ajiye cokali ya ce, "'Yata, gara ki kai mini su tsirara." Baba, za a yi maka dariya, na sani. Abokanka na benci za su tambaye ka ko a makarantar fasaha ka samo jikokin, su ce tsufa ya sa ka sauya sheƙa. Ka jure. Ka ce musu surukarka ce ta ce, kuma ba ta nan balle a yi gardama da ita. Duk wanda ya nuna su da yatsa yana tsokana, ai ya gan su ke nan, abin da nake so ke nan.

Ku zauna ƙasa, kusa da hanya, kada ku hau sama. Ku fito kafin a busa tashi, ko da maki ɗaya ne tsakani. Efraín, na san wannan zai fi yi maka zafi fiye da maganar rigar. Idan kuma wata rana ka sake aure, ba zan ce komai ba, sai dai ka zaɓi mai juyowa ta duba baya.

Na bakwai. Wurin zamana a benci, tsakanin Efraín da mahaifinsa, na bar wa Mama. Mama, kin ce ba ki taɓa shiga wannan gidan mahaukatan ba kuma ba za ki shiga ba. Za ki shiga. Idan ba ki yarda da hannunsa ba, ga naki, ki kawo shi wurin. Ki riƙe ɗaya, ya riƙe ɗaya. Ba zai yiwu ki zauna kafaɗa da kafaɗa da mutum duk Asabar kina aika masa saƙo ta bakin matacciya ba. Dole ki ce masa matsa, ko miƙo ruwan nan, ko ina takalmin yaron. Daga nan ake farawa. Ki yi masa faɗa son ranki, amma ki yi shi a cikin gida ɗaya.

Idan na tashi ranar Litinin, zan karɓe wannan takarda in kai ku da kaina. Idan ban tashi ba, to ku ji.

Leonor, Allah ya ba ki zuciya mai ƙarfi fiye da tawa. Tadeo, Allah ya tsare kanka daga kowane ƙarfe. Budurwa Maryamu ta lulluɓe ku da mayafinta a cikin taro da kaɗaici. Ku yi wa babanku biyayya, ku ji tausayinsa. Ku kula da kakanninku biyu, ku zauna a tsakaninsu idan sun fara. Duk inda aka ce ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna, ku ƙi, ku ce mamanku ta hana.

Efraín, Mama, Baba Nicanor, ga su nan na ba ku, su biyu. Su biyu za ku shiga da su, su biyu za ku fito da su. Kafin ku bar ƙofar, ku durƙusa ku dubi fuskokinsu.

Taku,
Griselda Ontiveros