Ta Faɗi Tana Kuka, Ni Kuwa Ina Ɗauka

Gwaggo Barakatu, don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe ko da kin ga ina kewaye-kewaye. Ba ni da wanda zan faɗa wa a garinmu, don kowa a nan ko ya ga abin da idonsa ko yana da ɗan'uwa a ciki. Ki yi haƙuri da Hausata kuma, mu yaran nan Larabci ya cinye mana rabin baki.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno. Noma muke yi, ina kuma taɓa gyaran waya ranar kasuwa. Na daɗe ina son yin fim. Ɗan abin da na sani na koye shi ne a bidiyoyin koyarwa, duk ranar da shabaka, wato netwok, ta ga dama ta kawo: a rubuta labari kafin a ɗauka, a raba shi fitowa-fitowa, kada a ɗauki fuska da tsakar rana, a matso da waya kusa da mai magana don murya ta fita. Na tara abokaina, ni ne marubuci ni ne darakta, har suna tsokanata da kiran ustaz. Labarin na wani saurayi ne da ya bar gonar ubansa ya tafi haƙar zinariya a arewa, ya dawo da ciwon ƙirji, ya mutu.

Wanda ya fito a saurayin shi ne Zaharaddini, ɗan'uwana na shan nono. Lokacin da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo, sai maƙwabciyarmu Inna Hindu ta haɗa mu ta shayar, ni da shi. A gidanta na yi rarrafe. Tana da babban ɗa, Nasir, da ya tafi neman aiki Khartum kafin yaƙi, kuma har yau ba shi ba labarinsa.

Tun farko na yi abubuwan da nake ganin dabara ce. Da na ba kowa sunan fim sai suka riƙa mantawa, a kira mutum ya tsaya yana kallon sama, don haka na ce kowa ya riƙe sunansa na yanka. Ga su da dariya kamar 'yan mata a gidan biki. Akuya ta gitta, dariya. Wani ya yi tari, dariya, sai mu koma farko batir yana ƙarewa. Ran nan na yi fushi na kafa doka cewa ko sama za ta faɗo, ba mai motsi, ba mai fita daga wasa, sai an ji na ce halas, wato an gama. Har rantsuwa na sa suka yi. Kuma duk a ɓoye muke yi, don mun san dattawa za su ce shashanci ne.

Ranar da za mu ɗauki jana'iza mun fita da sanyin safiya saboda hasken ya fi kyau. Na saci jiki na fitar da angarib ɗin gidanmu, gadon igiyar nan da muke ɗaukar gawa a kai, muka shimfiɗa jar tabarma, muka naɗe Zaharaddini da farin yadi. Mutum huɗu suka ɗauka, abokinmu Salihu yana biye a matsayin ƙane, yana kuka yana kiran sunan mamaci. Mun zaɓi hanyar maƙabarta da ta bi ta gefen tur'a, inda ruwan noma yake bi, muna zaton ba kowa. Ni na yi gaba na hau tudun tur'ar da wayata.

Gwaggo, kin san al'adarmu. Wanda ya ga an ɗauko gawa ba ya tsayawa tambayar ta wa ce, yana sa kafaɗa ne tukuna, tambaya ta biyo baya. Kuma tun da yaƙin nan ya taɓa mu an sha binne mutum cikin gaggawa ba a sanar a masallaci ba, don haka ba wanda ya yi mamaki. Baba Sodangi, wani dattijo da ya girmi mahaifina, shi ya fara saukowa daga jakinsa ya karɓi ƙafa ɗaya ta gadon. Sai masu ban ruwa suka yar da fartanya suka taho. Kafin in ankara hanya ta cika, ana ta salati, ana karɓar gadon hannu da hannu. Abokaina suna ta satar kallona, suna jiran in yi magana, Salihu kuwa tsoro ya sa kukansa ya koma na gaske. Matan da ke wanki suka ji sunan da yake kira, labari ya shiga gari.

A nan ne nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kalma ɗaya ce a bakina, kuma na san lokacin faɗinta ya yi. Amma na kalli fuskar wayar na ga abin da na yi wata da watanni ina nema ban samu ba. Ba mai dariya, ba mai kallon kamara, ga hasken safiya a kan fararen riguna. Zuciyata ta ce ƙara kaɗan. Sai ga Inna Hindu ta keto ta cikin gonar kuɓewa, ba takalmi, mayafinta yana jan ƙasa. Ta faɗi a tsakiyar hanya tana kiran Zaharaddini, tana kiran Nasir, tana cewa a bar ta ta ga fuskar wannan tunda ba ta ga ta wancan ba. Ni kuma na sauko daga tudun na matsa kusa, na jawo hoton fuskarta har ya cika wayar.

Ba ni na tsayar da abin ba. Zaharaddini ne ya ji muryar uwarsa ya yunƙura cikin likkafani. Mutane suka saki gadon suka watse, wani har cikin tur'a. Baba Sodangi ya faɗi gadon ya danne masa kafaɗa, har yanzu hannun a rataye yake. Yara sun mai da abin wasa, in na wuce sai ɗaya ya kwanta ya miƙe sauran su ruga. Wannan bai dame ni ba sosai, na cancanci fiye da haka.

An tara mu gaban dattawa an yi mana tatas. Mahaifina ya ba da haƙuri, ya ce yaron ruɗewa ya yi, bakinsa ya mutu, kuma kowa ya karɓa a haka. Na sunkuyar da kai na bar maganar ta tafi. Inna Hindu ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, da ma ta yi. In na gaishe ta sai ta amsa mini da Larabci, a taƙaice, yadda take amsa wa ma'aikatan rigakafi in sun zo gida. Matar da ban taɓa jin ta yi mini magana da wani harshe ba sai Hausa. Ta daina aiko mini da kunun da take ajiye mini. Zaharaddini kam ba ta canza masa ba. Shi yana kula ni, amma sama-sama.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Bidiyon yana nan, ban goge ba. Na sha ɗora yatsa in fasa, don wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai kyansa ba, kuma ina jin ƙyamar kaina da nake ganin kyansa. Salihu yana cewa mu yanke wurin Inna mu yi amfani da sauran, tunda aikin gama ya gama. Gwaggo, in gaya mata gaskiya ne, ko in bar ta da zaton ruɗewa na yi, kada in fama mata ciwo? In goge, ko in nemi izininta? Kuma mutum irina ya dace ya sake riƙe kamara? Ina tsoron in rasa uwar nan tana raye.

Ɗanki mai jin kunya,
daga yankin Mai Wurno

Amsa

Ɗana, na karanta har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya a wurin wanda ya faɗa tur'a, sannan na ajiye takardar da na zo wurin Inna Hindu. Kunyar da kake ji alama ce ta cewa zuciyarka da rai. Amma kunya in ta zauna a ɗaki ba ta gyara komai, sai an sa mata takalmi.

Bari in raba maka laifin, don ka haɗa shi duka ka ɗora a ka. Son fim ba laifi ba ne, labarinka ma mai amfani ne, samari da yawa suna bukatar jin sa. Ɓoyewar da kuka yi da fita da angarib ba sanarwa wauta ce ta ƙuruciya, kuma ku duka kuka yi ta. Dattawan da suka sa kafaɗa ba su yi kuskure ba, lada suka nema, Allah Ya ba su. Naka na kanka shi ne daga lokacin da ka ga ya kamata ka tsayar ka ƙi, zuwa lokacin da ka matsa kusa da ita. Wannan kaɗai za ka je ka amsa.

Kana tambaya ko ka bar ta da zaton ruɗewa ka yi. Ɗana, wa ya gaya maka tana wannan zaton? Dattawa gadon suke kallo, shi ya sa suka yarda da maganar mahaifinka. Ita kuwa kai ka tsaya a gabanta. Macen da ta faɗi tana kuka takan ɗaga ido ta nemi nata, kuma ina kyautata zaton ta ɗaga ta ga ɗan da ta shayar da waya a hannu. Ka lura ba ta juya wa Zaharaddini baya ba, shi da ya kwanta a likkafanin. Saboda haka ba wani sabon labari za ka kai mata ba. Abin da take jira shi ne ta ga ko za ka iya faɗinsa da bakinka.

Bidiyon kuma ka goge shi, duka, kafin ka je. Kada ka kai mata ka ce ta zaɓa, wannan ɗora mata kaya ne a kan kaya, kuma za ta iya cewa ka riƙe don kara alhali ranta bai so ba. Na yarda yana da kyau, ba sai ka tsani kanka don idonka ya gane hakan ba. Amma kyan ba aikinka ba ne. Kukan uwa ne a kan 'ya'yanta biyu, da salatin mutanen da suka zaci gaske ne, ba wanda ya ba ka aron ko ɗaya. Shawarar Salihu ma ba ta fita, don fuskar Baba Sodangi tana cikin sauran. Ka kira Zaharaddini ka nuna masa, ka gaya masa abin da ka yi, ka goge a gabansa har da wanda ka tura wani wuri in akwai. Shi ma ka nemi gafararsa, dokarka ce ta riƙe shi a kwance.

Sannan ka ɗauki mahaifiyarka, ba taron dattawa ba, ku shiga wurin Inna Hindu lokacin da ba baƙi. Ka durƙusa ka faɗi abin a gajarce: ka gan ta, ka san ya kamata ka tsaya, ba ka tsaya ba. Kada ka kawo zancen haske ko yadda hoton ya fito. Daga nan ka gaya wa mahaifinka, don ya daina kare ka da abin da ba haka ba ne. Baba Sodangi kuwa gaisuwa ba ta isa ba, ka karɓi ban ruwan gonarsa kai da abokanka har hannun ya sauka.

Batun kamara, ka ajiye ta tukuna har ƙurar ta kwanta, amma ban ce ka yar ba. In ka dawo, ka fara da mai unguwa da liman, a sanar cewa wasa za a yi a wuri kaza, ka kuma tsayar da mutum a kowane bakin hanya. Kowane ɗan wasa ya sami sunan da ba nasa ba, in suna mantawa a yi ta maimaitawa kafin ranar ɗauka, don haka ake gwaji. Kada ka sake naɗe mai rai a likkafani, matashin kai da tsumma sun isa. Ka soke dokar nan taka, duk wanda ya ga abu zai ɓaci yana da ikon tsayarwa, darakta ba ya fin mutanen da ke gabansa daraja. Kuma ka koma kan rubutunka, za ka ga mutuwa ba sai da makara ake nuna ta ba. Tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune shiru sun isa mai kallo ya gane.

Kada ka sa ran za ta huce ranar farko. Watakila ta kau da kai, watakila ta tashi ta bar ka durƙushe, kuma tana da gaskiya. In haka ta faru ka tashi ka tafi da ladabi, gobe ka dawo ka ɗebo mata ruwa, jibi ka dawo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta fi ka sanin wannan, amma ba kai za ka tuna mata ba. Kai dai ka riƙa zuwa har ta gaji da fushin.

Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya ba Baba Sodangi lafiya, kai kuma Ya ba ka ƙarfin halin taka ƙofar nan tun kafin makon nan ya fita.

Gwaggonka Barakatu