Sunan da Kuka Karanta Ba Na Innarmu Ba Ne

Zuwa ga Darakta na gidan rediyon da ya saye rediyon garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni tela ne a bakin kasuwar Matameye, ban saba rubutu ga manya ba, baƙin ciki ne ya sa ni.

Da aka ce kun haɗe rediyonmu da naku na Damagaram, har murna muka yi. Murya ta ƙara fita tas, an shafa wa biro, wato ofishin, fenti. Ba mu san abin da za a taɓa ba.

Na farko, sanarwar rasuwa. A da, mutum zai je ya samu Malam Sanda, mai karanta sanarwa, ya faɗa masa da baki, shi kuma ya karanta da sunan da aka san mamaci da shi. Yanzu an mayar da shi ɗakin ajiyar kaya. Yaran da kuka turo suna da ladabi, ban zarge su ba, amma sun ce dokar sabon kamfani ita ce a ɗauki sunan da ke kan katin ɗan ƙasa, a tura Damagaram, can a karanta.

Na biyu, abin da dokar nan ta yi mana. Da damanar bana mahaifiyata ta rasu. Daga Kance har Ɗan Barto, Tambai mai mazarƙwaila aka san ta. Ni kaina sai da na girma na san cewa a takarda sunanta Hadizatu Abdu. Na roƙi a ƙara laƙabinta, aka ce ordinatar, wato kwamfutarsu, ba ta da gurbinsa. Aka karanta cewa Madam Hadizatu Abdu ta rasu, an yi jana'iza.

Tana da wa guda, Kawu Ilu, a wani ƙauye bayan Yauri. Idanunsa sun tafi, ba shi da waya, rediyon nan ne abokin hirarsa. Na kira maƙwabcinsa ban samu ba, sai na kwantar da hankali, don na san sanarwa ba ta wuce Kawu. Kuma ba ta wuce shi ba. Ya ji, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Muka yi sadakar uku muna ta duban ƙofa ko Kawu zai shigo. Sai ranar kasuwa ya aiko mata da kuɓewa ɗanya, wai a ce yana gaishe ta. Ni na karɓi kuɓewar.

Ranka ya daɗe, kun sayi eriya da kujeru, amma ba ku tambayi yadda ake aiki da su a nan ba.

Roƙona biyu ne. Ku bari a karanta laƙabi da sana'a da unguwa tare da sunan takarda. Ku kuma zauna da tsofaffin ma'aikata ku ji ta bakinsu kafin ku sake wata doka.

Kawu bai daina saurarenku ba. Amma yanzu duk sunan da aka karanta, sai ya kira jikarsa ya tambaye ta ko namu ne.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan iyayenka, ya sa ranar da za a kira naka sunan waɗanda suka san ka su gane.

Wassalam.

Habu Tela, ɗan Tambai mai mazarƙwaila,
Matameye.