Jar Karsanar Aisami

Gure, farkon kaka

Zuwa ga maiɗakina Habsu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, sai kewar tuwonki.

Albishirinki! Jar karsanar da Alhaji Muktar ya ware mini a madadin kuɗin kiwona ta ɗauki ciki. Ke mai yi mini tsiya wai ina bin shanun wani kyauta, sai ki tanadi ƙwaryar tatsa. Ki ce wa auta Balkisu ta fara tufka igiyar ɗan maraƙi.

Naki,
Aisami

Gidigir, ranar kasuwa

Habsu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Innalillahi!

Alhaji ya aiko in kora garken duka zuwa Gidigir, wai za a yi musu allurar rigakafi. Na taho har da tawa, don kada ta rasa. Da muka iso ban ga likitan dabbobi ba, sai dillalai da manyan motoci. Ashe tun makon jiya ya sayar da garken. Wai kiwo ya daina riba, kamiyo zai saya, wato babbar motar ɗaukar kaya, ya shiga jigilar kanwa.

Na ce ban da jar karsanata, a cire ta daga cinikin. Dillalin ya ce kai-kai aka ƙirga, da ita a ciki. Na ruga wajen Alhaji, mutumin da ya dafa kafaɗata a gaban liman ya ce ta zama tawa. Ko kallona bai yi sosai ba. Wai ciniki ya faɗa, in yi haƙuri, zai duba ni idan kamiyo ya fara kawowa. Damina biyu, Habsu! Ko dala ban karɓa ba, don na yarda da bakinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, karsanar ta ƙi hawa motar. Sun ja, sun buga, ta turje. Na kasa jure ganin sanda a kan cikinta, na kira ta yadda na saba. Ta biyo muryata ta hau.

Ina nan tafe gida. Kada Inna ta ji tukuna. Ki san dabarar da za ki karɓe igiyar nan daga hannun Balkisu kafin in iso, don ba zan iya ganinta ba.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Aisami