Sai Kakanmu Kabo Ya Samu Wuri a Malahin Jidda

Utaibiyya, Makka,
cikin watan Rajab.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Malam Awwal Mukhtar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Yaya ƙafar matarka Raliya? Na yi mata addu'a a Harami ranar Juma'ar da ta wuce, Allah Ya sa kaffara ce. Mun ji 'yarka Minnatullah ta sauka lafiya, Allah Ya raya abin da aka samu. Mu nan alhamdu lillahi. Mahaifiyata, gwaggonka Inna Ruƙayya, tana nan da ƙarfinta daidai na mai shekarunta, gwiwa ce kawai ta zaunar da ita a keke, amma baki yana nan yadda ka san shi. Ɗana Bandar yana tuƙa motar alhazai tsakanin Aziziyya da Harami, 'yata Ghada kuma tana Jidda wurin aikinta, tana zuwa mana ƙarshen mako. Na ba ɗalibinka Abdulƙuddus takardar nan da zai taho hutu, kuma da gangan na ƙi kiran ka a waya, domin na san halinka tun muna yara: kafin in kai tsakiyar magana ka yanke mini hukunci. Takarda kuwa dole ka karanta ta har ƙarshe.

Ka san kamfanin da Ghada take wa aiki fina-finan zane na yara suke yi. Ka kuma ji labarin wanda suka yi a kan kakanmu Kabo, fim mai suna Tafiyar Kabo, ko da yake na san ba ka kalla ba. Ghada ce ta kai musu labarin. Ta yi watanni tana zama gaban Inna tana ɗaukar maganarta, yadda Kabo ya baro gida a ƙafa da matarsa da jaki ɗaya, yadda suka riƙa tsayawa suna noman ƙodago a Sudan don su sami guzuri, yadda aka haifi Inna a hanya, da ranar da suka hau jirgin ruwa a Sawakin tana goye. Ƙarshen fim ɗin a Nakkasa yake, tsohuwar unguwarmu ta nan Makka. A lokacin an fara rusau, sai Ghada ta riƙa bin lungunan da takardar zanenta kafin a kai ga namu. Ta zana matakalar nan da kake haki idan za ka hau gidanmu lokacin da kake karatu a nan, da shagon mai tsire, da matan da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin masallaci. Yau idan ka je wurin fili ne fetal. Unguwar da aka haife ni ba ta rage a ko'ina ba sai a cikin fim ɗin nan.

To, bara kamfanin ya buɗe wurin wasan yara a arewacin Jidda, irin wanda muke kira malahi. Kowane sashe an gina shi ne a kan wani fim nasu. Da Inna ta ji, ta ce sai an kai ta. Ghada ta yi ta kawo dalilai, yau zafi, gobe cunkoso, ban gane abin da take ɓoyewa ba sai da muka je. Inna ta sa aka ciro mata zanen saƙin da take ajiyewa don biki, ta shafa turare, muka tura ta a keke tun daga ƙofa. Muka wuce sashen shaho mai magana, da jirgin ƙasansa da ke hawa sama yana gangarowa yara suna ihu. Muka wuce na mutum-mutumin ƙarfe, muka wuce na kifayen Bahar Maliya. Duk inda muka karya kwana sai Inna ta gyara zama ta miƙa wuya. Har muka dawo ƙofar da muka shiga. Nan ta ɗaga kai ta tambayi Ghada ko mun ɓata hanya ne, ina aka ajiye babanta. Ghada ta tsuguna gaban keken ta riƙe hannunta. Abin da muka samu na Kabo a wurin nan gaba ɗaya shi ne hotonsa a jikin kofin roba, a can ƙasan kantar shagon tsaraba. Inna ta karɓi kofin ta juya shi ta mayar, ta ce a kai ta gida.

Makon nan gidanmu bai yi daɗi ba. Ghada ta ce za ta ajiye aikin, ta gaji da roƙo a taronsu ana ce mata sai wani lokaci. Bandar kuma ya ce gara da aka yi haka. Ya ce shi duk yarintarsa a makaranta da Takaruni, sunan da ake kiran mu 'yan asalin ƙasarmu da shi a nan, ake tsokanar sa, sai da ya girma ya samu aka daina, yanzu kuma muna so a kafa allo a Jidda a nuna wa kowa kakansa ya zo da jaki. Maganar ta yi mini zafi, amma ban yi masa faɗa ba, don na tuna ranakun da yake dawowa da riga a yage ya ƙi faɗin dalili. Na dai gaya masa jakin nan shi ya kawo shi inda yake sallah a gaban Ka'aba kullum. Ita kuma Ghada na ce mata ba inda za ta. Idan ta fita, wa zai rage a ciki da ya san sunan Kabo? Na ce ta zauna a kujerarta, fafutukar waje kuwa ta bar mini.

Na sa abayata na tafi Jidda na nemi ganin mudirin wurin, wato shugabansu, wani mai suna Hatim. Kada in zalunce shi, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni gahawa da dabino, ya ce shi kansa fim ɗin ya sa shi hawaye. Amma ya ce su abin da yara suke nema suke ginawa, kuma tun da aka buɗe ba yaron da ya taɓa tsayar da ma'aikaci ya tambaye shi Kabo. Ya ce fim ne na manya masu tuna baya. Na ce masa na gode da ya faɗa mini gaskiya, kuma in dai tambaya ce ba a yi ba, za a yi.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganarsa, na ga bai yi ƙarya ba. Jikokinmu na nan ba su kalli fim ɗin ba. Yawancinsu ko gaisuwa ba sa iya kaiwa ƙarshe da Hausa. Sai na fara bin matan da muka zauna tare a Nakkasa, waɗanda rusau ya watsa, wasu Utaibiyya, wasu bayan gari. Duk wadda za ta yi suna ko walima a istiraha, gidan da ake haya don taro, sai in roƙe ta ta ba ni bango ɗaya da ɗan lokaci bayan la'asar. Ghada ta samo izini daga kamfanin, ta aro na'urar haskawa. Karon farko yara suna ta guje-guje, ba wanda ya kula, sai da aka zo wurin da guguwa ta taso wa jirgin ruwan. Nan kowa ya zauna. Da aka nuno Nakkasa kuwa, tsofaffin ne suka rikice. Wata tana nuna ƙofarta, wata tana cewa ga tagar da take miƙo wa maƙwabciyarta gishiri. Wata yarinya, Hadil, jikar maƙwabciyarmu ta dā, ta juya ta tambayi kakarta da Larabci ko su ma da ƙafa suka zo. Kakar ta ce ƙwarai, kuma tasu tafiyar ta fi ta Kabo tsawo. Ranar har aka kira magariba yarinyar ba ta bar gefenta ba.

Haka muka yi ta yi har hutun makaranta ya zo, muka shirya kai yaran malahi gaba ɗaya. Ana saura kwana kaɗan mai motar da muka yi magana da shi ya janye. Ina zaune ina neman mafita sai Bandar ya shigo, bai kalle ni ba, ya ce ya karɓi mota a wurin aikinsu, kuma kada mu makara don shi ba ya jira. Daga baya na ji ashe ya je ɗaya daga cikin istirahohin ɗauko matarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli fim ɗin har ya ƙare.

Ban koya wa yaran abin da za su faɗa ba, Allah Ya sani. Na dai ce musu wurin na masu fim ɗin Kabo ne. Suna shiga suka bazu suna nema. Wannan ya tare mai tikiti, wancan ya tare mai sayar da alewa, kowa yana tambayar ina jirgin ruwan Kabo, ina jakin. 'Ya'yan wasu mutane da ba su san komai ba suka ji, su ma suka shiga tambaya. Ma'aikata suka kira Hatim. Ya sauko ya same ni zaune kusa da keken Inna, ya yi dariya ya ce ya gane aikina ne. Inna ta sa aka matso da shi, ta ba shi labarin ranar da suka sauka Jidda da bakinta kamar yadda babanta ya ba ta, da Larabcinta na mutanen dā. Ya daɗe a tsugune yana ji.

Kada ka ɗauka mun ci gari. Abin da suka ba mu wani ɗan fili ne tsakanin sashen shaho da wurin cin abinci, inda suke ajiye kujerun da suka karye. Kuma na gwaji ne, daga ƙaramar Sallah zuwa bayan Hajji. Idan mutane sun shiga a bar shi, idan ba su shiga ba a mayar da kujeru. Ghada ta ji haushin ƙanƙantarsa, ni kuwa na ce a ba mu. Yanzu tana gina lungu ɗaya na Nakkasa a wurin, da matakalarsa, a ƙarshensa kuma jirgin ruwa na katako da yara za su hau yana tangaɗi, muryar Kabo tana ba su labarin hanya. Ni jirgin nan nake so wata rana ya zama babba, mai tafiya a kan ruwan gaske kamar na kifayen, kuma na gaya wa Hatim zai ci gaba da ganina har sai an yi.

Ga inda ka shigo. A fim ɗin da Larabci Kabo yake magana. Inna ta ce a wannan karon ba ta yarda ba, babanta bai taɓa ba ta labari da Larabci ba, a yi da Hausa a rubuta fassara a allo. Kamfanin ya yarda. Aka kawo mutane ana gwadawa, duk wanda aka kunna mata sai ta girgiza kai. Wannan ta ce Hausarsa ta sha ruwan Makka, wancan ta ce yana magana kamar mai karanta labarai. Rannan ina kunna saƙon muryar da ka aiko na sunan jaririn Minnatullah, tana kishingiɗe ina tsammanin barci take, sai ta tashi zaune ta ce in sake kunnawa. Na sake. Ta ce wannan ai Baba ne, har yadda yake jan numfashi kafin ya ce to. Ta ce mahaifinka Mukhtaru bai gado muryar ba, ashe tsallake shi ta yi ta faɗa kanka.

Na san ra'ayinka a kan zanen abu mai rai, kuma ba zan yi jayayya da kai a fagen da ka fi ni sani ba. Shi ya sa na sa Ghada ta tabbatar mini cewa a cikin jirgin ba za a sa hoton fuskar kowa ba, katako ne da igiya da murya. Abin da za ka faɗa kuma labarin mutumin da ya yi shekaru yana tafiya don ya sauke farali ne. Kai kake tsayawa gaban ɗalibai kana kwaɗaitar da su Hajji, ga yara nan da aka haifa a gindin Harami ba su san abin da aka sha kafin su same shi a ƙofar gida ba. Ka zo Umara cikin Sha'aban kamar yadda ka saba cewa za ka yi, ka ba mu yini ɗaya a Jidda a ɗauki muryarka. Ɗakin Bandar na sama yana nan a share. Idan ka duba ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, kuma ba zan fasa abin da na sa gaba ba. Sai dai ba ni zan kai wa Inna amsar ba, kai za ka kira ta ka gaya mata da wannan muryar taka.

Ka gaishe mini da Raliya da kyau, ka ce turaren da ke cikin ƙunshin nan nata ne, kada ka raba wa ɗalibai. Ka gaida Minnatullah da maigidanta da ɗan baƙonmu, da duk mutanen gidan Kawu Mukhtaru, Allah Ya jiƙansa. Ghada da Bandar suna gaishe ka. Na karanta wa Inna takardar nan kafin in rufe, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce a gaya maka daga yau ka daina shan ruwan sanyi har ka iso, kada ka zo mata da murya a dishe.

Wassalam.
'Yar'uwarka,
Maryama.